Abbey Road na 2019: a saya ko a bari?

Malam, tambayarka ita ce ko ka sayi Abbey Road, faifan waƙoƙin ƙungiyar mawaƙan Beatles, da aka sake fitarwa a 2019, alhali kana da faifan 2009. In waƙoƙin kawai kake so, riƙe naka, ka adana kuɗinka.

Sai dai na 2019 ya wuce goge sauti. Giles Martin, wanda mahaifinsa George Martin ne ya shirya faifan farko na 1969, ya koma kan naɗin asali ya sake haɗawa, shi ya sa gangunan Ringo, makaɗin ƙungiyar, suka fi fitowa. Wasu masoya na ƙorafin an taɓa abin da bai lalace ba. Ni dai sai da lasifika mai kyau nake jin bambancin, a waya kuwa duk ɗaya ne.