Yayana ya faɗa mini motsi ɗaya a wasan chess, shin na yi maguɗi?

Tambaya: Malam, ina buga chess a Chess.com, irin wasan da ake ba mutum kwana 3 kafin ya motsa ɗa. Da wasa ya cakuɗe mini sai na tura wa yayana hoton allon, ya ce in ci da doki, na yi hakan. Ban taɓa buɗe Stockfish, manhajar da ke lissafa wa mutum motsi, ba, amma hankalina ya ƙi kwanciya. Za a rufe mini asusu?

Amsa: Ɗan'uwa, ba zan ɓoye maka ba, ka saɓa ƙa'ida. A irin wannan wasa na kwanaki an yarda ka duba littattafan buɗe wasa da rumbun tsofaffin wasanni, amma an haramta manhajar lissafi da shawarar wani mutum muddin wasan bai ƙare ba.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne maganar da nake ji kullum, wai maguɗi sai da na'ura, wai motsi ɗaya ba komai ba ne. Wasu ma cewa suke sun riga sun zaɓi motsinsu, tabbatarwa kawai suka nema. Duk wanda ya san chess ya san cewa a wasa mai motsi 40 sau da yawa wuri ɗaya ko biyu ne ke raba gardama, kuma a daidai nan ne ka nemi taimako. Abokin karawarka ya zauna shi kaɗai yana ta lissafi, bai san da mutum biyu yake fafatawa ba. Masu yaɗa cewa ba a kama mai motsi ɗaya ba su taɓa ganin yadda ake binciken ba, surutu ne kawai. Hans Niemann, ɗan wasan chess na Amurka, ya amsa da bakinsa cewa ya yi maguɗi a intanet yana shekara 12 da kuma 16, kuma a 2022 rahoton Chess.com mai shafi 72 ya ce mai yiwuwa wasannin sun haura 100. Abin da ya yi yana yaro ne ya biyo shi har cikin manyan gasa.

Akwai ICCF, ƙungiyar duniya ta masu buga chess ta hanyar aika saƙo, da ta halatta na'ura, amma can kowa ya shiga ne da saninsa.

Shawarata ita ce ka sallama wannan wasan, ka bar wa abokin karawarka makinsa. Nan gaba ka jira a tashi wasa tukuna, sannan ku zauna da yayanka ku warware shi motsi bayan motsi.