Elmina da Cape Coast a yini ɗaya

Malam kana tambaya ko daga Accra, babban birnin Ghana, za ka iya ganin gidan tarihin Elmina da na Cape Coast a yini ɗaya ka dawo. Eh zai yiwu sosai, tsakanin gidajen biyu bai kai kilomita 15 ba.

Amma fa sai ka yi sammako, da an idar da asuba ka kama hanya, in ba haka ba goslo na Kasoa, garin da ke kan hanya in ka fito daga Accra, zai cinye maka safiya. Ni dai shawarata ka fara da Elmina, Turawan Fotugal suka gina shi a 1482, kuma ka bi ɗan jagora kar ka shiga kai kaɗai, shi zai sauka da ku kurkukun ƙasa inda aka riƙa cusa bayi, wlh ga duhu ga zafi, don haka ka riƙe ruwa.