Hukuncin kai ɗa gidan mari saboda zargin neman maza

Tambaya: Malam, ƙanin mijina ya buɗe wayar ɗana mai shekara 22, ya ce yaron yana sha'awar maza. Dangi suka yi masa duka suka kai shi gidan mari, kuma sun ce da ya fito za a yi masa aure ko yana so ko ba ya so. Shari'a ta yarda da haka?

Amsa: Baiwar Allah, abin da aka yi wa ɗanki haramun ne. Binciken wayar tajassusi ne, wato leƙen asirin mutane, wanda aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana. Malamai sun haramta aikin luwaɗi, amma abin da ke cikin zuciya ba a kama mutum da shi, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito cewa Allah Ya yafe wa al'umma abin da zukata suka raya muddin ba a aikata ko an furta ba. Ko da laifi ya tabbata, uba da baffa ba alƙalai ba ne.

Ɗauri da mari, duka da horon yunwa azabtarwa ce, kuma Muslim ya ruwaito cewa Allah zai azabtar da masu azabtar da mutane a duniya. An ga abin da ake yi a irin waɗannan gidaje lokacin da 'yan sanda suka fito da mutane sama da 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, a 2019, wasunsu da sarƙa a ƙafa. Duka ba ya canza sha'awa. Yaro zai rantse ya warke don a kwance shi, ya dawo da gyambo a idon sawu da ciwon damuwa, wani har ya nemi kashe kansa.

Auren dole ma bai halatta ba. Annabi (SAW) ya warware auren Khansa'u 'yar Khizam da mahaifinta ya ɗaura ba da yardarta ba, ballantana namiji baligi. Ita kuma yarinyar da za a ɓoye wa gaskiya, ha'intarta aka yi.

Ki samu dattijon da mijinki yake jin maganarsa, a je a ɗauko yaron yau. A wuce da shi asibiti a duba raunukan, a yi masa allurar tetanus. Ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin halaka kansa. In ya ce e, kar a bar shi shi kaɗai, a nemi likitan ƙwaƙwalwa. Dangi su kama bakinsu, domin maganar in ta fita unguwa tana iya jawo masa dukan taron dangi. Gādonsa da zumuncinsa suna nan, ba wanda ya isa ya yanke su.

Wallahu a'alam.