Kwamfutar Baba da Ke Sito: Kada Ka Jona Ta Tukuna

Tambaya daga Barnawa: "Salamu alaikum, Malam. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya yi aikin akawu a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri. Da muke kwashe sito muka tarar da kwamfutarsa, an rubuta 486 a gabanta, tare da monita mai doro. Ƙannena sun ce a ba 'yan bola jari. In jona ta in ga ko tana yi, ko ɓata lokaci ne?"

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Ɗan'uwa, kada ka bayar, kada kuma ka jona ta yau. Kamfanin Intel ya fito da 486, wato furosesan da ke sarrafa aikin kwamfutar, a 1989, galibin kwamfutocin da ke ɗauke da shi kuma an haɗa su ne a farkon shekarun 1990. Kenan abin da ke gabanka ya kai shekara talatin, ya sha ƙurar hunturu, ya sha laimar damina, wataƙila har ɓera ya yi jego a ciki.

Samo sukurdireba ka buɗe murfin da rana tsaka, inda akwai haske. Kafin hannunka ya kai ciki, taɓa ƙarfen jikin akwatin, musamman in lokacin hunturu ne. Ɗan tartsatsin nan da ke cizonka in ka kama marfin mota ya isa ya kashe ƙwaƙwalwar kwamfuta ba tare da ka ji komai ba. Sai ka duba babban allon ciki, wanda masu gyara ke ce wa madabod, a kusa da inda ake soka igiyar kibod. A nan ne yawanci za ka ga wani batir mai kama da 'yar ganga, shuɗi ko kore, mai bolt 3.6, an manna shi da dalma. Shi ne mugun. Idan ya tsufa yakan yi yoyo, ruwan ya bi siraran hanyoyin tagulla yana cinsu a hankali, ya bar wani koren ɓawo kamar gansakuka a bakin rijiya. Datse ƙafafunsa ka cire shi ko da ka ga bai fara zuba ba. In ya riga ya zuba, ɗiga ruwan khal a wurin, ka goge da tsohon buroshin haƙori, ka bi da sifirit, ka bar shi kwana biyu ya bushe sarai. Hanyar da ta yanke, mai gyaran rediyo da ya iya riƙe ƙarfen dalma zai iya haɗa ta da siririyar waya.

In kuma maimakon 'yar gangar ka ga baƙin dunƙule an rubuta Dallas a kai, ka yi sa'a, wannan ba ya yoyo. Batirin da ke binne a cikinsa ne dai ya mutu, shi ya sa kwamfutar za ta riƙa manta kwanan wata da bayanin had-dis, wato faifan da take ajiye bayanai a ciki. Kwafe lambobin da ke kan takardar had-dis ɗin a littafi, don za ta tambaye ka su.

Saura maganar wuta, a nan ne na fi jin tsoro. A bayan akwatin wutarta akwai wani ɗan jan maɓalli da ake turawa gefe, ɗaya ɓangaren 115, ɗaya 230. Namu 230 ne. Ni da kaina na taɓa sayen wata da aka shigo da ita daga Amurka, zumuɗi ya hana ni leƙa bayanta. Ina dannawa na ji tas, hayaƙi ya turnuƙe, ƙauri ya cika ɗaki har mai ɗakina ta shigo da gudu ta ɗauka risho ne ya kama. Tun daga ranar ba na jona komai sai na duba maɓallin nan sau biyu. Cire igiyoyin wuta daga allon, ka bar wani mataccen had-dis a jone don ya ja wuta, ka auna da mita: jar waya bolt 5, rawaya bolt 12. In sun yi daidai sai ka mayar. Filogin allon guda biyu ne masu kama da juna, kuma baƙaƙen wayoyinsu su ne ke haɗuwa a tsakiya. Juya su ke nan ka ƙona allon. Kada ka gwada ta a ƙaramin janareto, ka sa sitabilaiza a tsakani.

Monita mai doro kuwa, kada ka buɗe. Mai kala yana aiki da fiye da bolt 20,000, kuma yana iya riƙe wuta bayan an zare shi daga bango. Wannan aikin tsofaffin masu gyaran talabijin ne. Kowace monita ta zamani mai ramin VGA, shuɗin nan mai fil 15, za ta yi maka. Idan Allah ya sa kwamfutar ta tashi, fara kwashe abin da Baba ya bari a ciki kafin ka tsaya kallon Windows 3.1, domin tsohon had-dis yana iya juyawa yau gobe ya ƙi.

Tambaya daga wani ɗalibi a Unguwar Rimi: "Malam, na ga Commodore 64 a YouTube ta shiga raina. Na tara 'yan kuɗi. In yi oda daga waje?"

Ƙanena, na fahimce ka. Commodore 64, tsohuwar kwamfutar gida, ta fito a 1982, sunanta daga kilobait 64 na ƙwaƙwalwarta ne, kuma sautinta har yau yana da masoya. Amma ban ba ka shawarar ka fara da ita ba. Wadda aka yi don Amurka tana son wuta 120 da tsarin hoto na NTSC, mu kuwa PAL ne kamar Ingila. Akwatin wutarta na asali an cika cikinsa da ƙaro ya daskare, ba ya gyaruwa, kuma in ya tsufa yakan ɗaga bolt 5 ɗin sama ya soya ƙwaƙwalwar. Dole ka sayi sabo. Ƙara da kuɗin dako da dala, sannan in abu ɗaya ya mutu a ciki, kaf Kaduna da wuya ka samu madadinsa. Akwai manhaja kyauta mai suna VICE da ke kwaikwayon Commodore 64 a kan laftof. Yi wata guda da ita, ka ga ko son na gaske ne.

Da ni ne, kuɗin nan Panteka zan nufa da su, ko wurin masu gyara da ke kewayen Kasuwar Sheikh Gumi, in nemi kwamfuta mai furosesan Pentium II ko Pentium III, na 1997 zuwa 1999. Suna ɗaukar Windows 98 da wasannin DOS, tsohuwar manhajar tafiyar da kwamfuta, batirinsu CR2032 ne wanda kowane mai gyaran agogo ke da shi, kayan gyaransu kuma suna zube. Tafi da sukurdireba a aljihu, ka ce sai ka buɗe. Duba kafasita, 'yan gwangwanayen da ke tsaye a kan allo: kansu ya zama shafaffe. Wanda ya kumbura ko ya fitar da ƙasa-ƙasan ruwa ya gama aiki, kuma wannan ciwo ya yi yawa a kwamfutocin farkon shekarun 2000. Ɗan bola jari da kilo yake lissafi, tagulla da ƙarfe yake gani. Ka yi ciniki a kan haka. Da zarar ya ga idonka ya yi haske, farashi ya tashi. In ka ci karo da kibod ɗin IBM mai nauyi, mai ƙara ƙwas-ƙwas, an rubuta Model M a bayansa, ɗauka ko da ka bar kwamfutar.

Tambaya daga wata malama a Malali: "Ina da disket guda shida, kundin digirina ne a ciki. Za su buɗu?"

Hajiya, akwai fata. In ƙananan nan ne masu megabait 1.44, nemi mashin ɗin disket mai igiyar USB. Kafin ki saka, ja ƙarfen bakin ki leƙa baƙin faifan: in da fararen ɗigo-ɗigo, fumfuna ce, kada ki saka, za ta ɓata kan mashin ɗin ta kuma karce sauran. Tura ɗan makullin kusurwa har ramin ya buɗe, yadda kwamfuta ba za ta iya rubutu a kai ba. Ki kwafe komai a karon farko. In da tsohuwar manhajar rubutu ta WordPerfect aka buga kundin, manhajar LibreOffice za ta buɗe shi. Kafin nan, ki ɗauke su daga kan sifika in can suke ajiye.