Ku Tambayi Anti: Wai lamurje "Hausa biya" ne?

Assalamu alaikum Anti, ina gaisuwa da fatan kina lafiya ke da iyali. Ni 'yar Nima ce nan Ankara babban birnin Ghana, shekara 4 kenan ina sana'ar lamurje da sobolo (zobo) da burkina (nono da gero), da ita nake biya wa ƙannena kuɗin makaranta. To wani mai gidan abinci a Osu ya sha lamurjena a wajen wani suna sai ya nemi lambata, yace yana so in riƙa kai mishi gora 100 duk sati, kuma kuɗin masu kauri ne wallahi. Da naje ganin wurin sai na tarar suna saida irin giyar nan ta 'yan gayu da ake dafawa kaɗan-kaɗan, wai kiraf biya, har da mai zobo da mai citta. Mamana tace sam, wai dama can ba ta son yadda mutanen gari ke ce wa lamurje "Hausa biya", wato giyar Hausawa, yanzu kuma zan ɗauka in kai gidan giya. Anti dan Allah lamurje zai iya zama giya? Kuma in kai ko in haƙura?

Daga wata 'yarki a Nima

Wa'alaikumussalam 'yata, Allah ya yi wa sana'a albarka, ki gaishe min da Mama sosai ki ce mata na fahimci tsoronta.

Sunan nan ni ma yana min ciwo, amma suna ne kawai, sun ga abu mai yaji mai sanyi da mu 'yan zango muke sha a inda su za su buɗe kwalba, sai suka laƙaba mishi. Lamurjen da kika jiƙa shinkafa ko gero, kika niƙa da citta da kanumfari da masoro, kika tace da ruwan tsamiya kika sa sukari kika saka a firij, babu maye a ciki ko kaɗan.

Sai dai tambayarki ta farko amsarta eh ce, zai iya juyawa, kuma ina so ki tsaya nan ki gane yadda abin yake don duk mai wannan sana'a ya kamata ta sani. Giya ba wani sihiri ba ne, abu uku ne: zaƙi, da yis, da lokaci a wuri mai ɗumi. Yis ɗin nan ƙwayar halitta ce da ido ba ya gani, yana cikin iska, yana jikin ɓawon citta, yana maƙale a jarkar da ba a wanke da kyau ba, in ya samu sukari sai ya cinye ya fitar da iska da kuma sinadarin da ke sa maye. Masu pito, wato giyar dawa, haka suke yi da gangan, su jiƙa dawa su baza ta har ta yi tsiro, su shanya su niƙa su dafa, in ya huce su zuba yis ɗin da suka ajiye daga tukunyar baya, kafin gari ya waye yana kumfa. Masu kiraf biya ma hanyar kenan, bambancin su tukunyar ƙarfe ce mai ƙyalli da ma'aunin zafi. To ke naki akwai sukari, Ankara kuma kin san zafinta, saura lokaci kawai.

Na gani da idona. Wata shekara muna hidimar suna a Mamobi muka haɗa lamurje jarka biyu tun daren jajiberi, sai aka yi dumso, wato aka ɗauke wuta, wuta ba ta dawo ba har la'asar ɗin washegari, ɗaya jarkar mun samu mun cusa ta cikin ƙanƙara, ɗayar kuma aka manta da ita a lungun kicin kusa da murhu. Da aka tuna da ita bayan kwana biyu ta kumbura ta yi tsiri kamar cikin akuya, ina taɓa murfin ya yi tsiiii, kumfa ta biyo hannuna har gwiwar hannu, ga wani wari mai hawa hanci wanda ba na tsamiya ba ne. Kwata muka zubar da shi duka. Waɗannan su ne alamun, gora ta yi tauri, murfi ya yi huci, kumfa tana tasowa ita kaɗai ba a girgiza ba, zaƙin ya ragu. Kar ki haɗa shi da tsamin koko ko na nonon burkina, wancan wasu ƙwayoyin ne daban ke kawo shi kuma ba ya bugarwa. Malamanmu suna karantar da cewa ana jiƙa wa Annabi (SAW) dabino ko zabibi a ruwa ya sha, amma ba ya wuce kwana uku, kuma abin da mai yawansa ke sa maye to kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Kinga addini ya riga ya ba mu ma'auni. Ki yi daidai wanda zai ƙare, ki sanyaya da wuri, ki riƙa wanke jarka da tafasasshen ruwa.

Yanzu maganar Osu. Giya a garin nan ba baƙuwa ba ce, kamfanin da ke yin Club yana nan Adabraka tun 1931, Guinness na da masana'anta a Kaase can Kumasi, a 2012 ma suka fito da ta rogo. Sabon abu shi ne ƙananan, irin Inland Microbrewery ta Clement Djameh da ya dage kan dawar gida maimakon sha'ir na Turai, da Tale da ake yi a Nsawam suna zuba zobo da citta da kokon cakulan. Ni ba na sha kuma ba zan tallata wa kowa ba, amma akwai abin da ke sosa min rai duk sanda na ga kwalaben nan: kayan da suke taƙama da su, su ne fa muke tsallakewa a kasuwar Nima ranar Laraba, zobo buhu-buhu, citta, tsamiya, kanumfari. Su sun kalle su sun ga daraja, suka sa a kwalba mai tsabta da takarda mai kyau, mu da muka gada wajen kakanni har yau muna ɗurawa a gorar ruwan da wani ya sha ya yar.

Ki koma wajen mutumin ki tambaye shi kai tsaye me zai yi da lamurjen. Wurare da yawa a can suna sirka sobolo da ruwan citta da akpeteshi, wato barasar gida mai ƙarfi, su ba shi suna mai daɗi, in haka ne to 'yata ki haƙura, kin zama mai haɗa kayan giya ko da ba ki taɓa kwalba ba. In kuwa a rufe zai saida shi ga masu cin abinci da ba sa shan giya, wannan magana ce da za ki kai wa malaminku tare da Mama ku ji fatawa, don zuwa wurin duk sati ma abin dubawa ne ga budurwa. In ni ce, gaskiya zan fi son in riƙe darasin in bar cinikin. Mutumin ya nuna miki hannunki ya kai a biya shi da tsada. Ki sayi sabbin gorori masu murfin da ba a taɓa buɗewa ba, ki buga takarda da ranar da kika yi, ki je hukumar kula da abinci da magunguna ta FDA da ke Shiashie ki nemi rajista, suna da tsarin lasisi mataki-mataki don ƙananan masu sana'a irinki. Daga nan ofisoshi, da shaguna, da masu biki da walimar alhazai, ga azumi, gora 100 ba za ta ma ishe ki ba in sha Allahu.

*

Salam Hajiya. Ni ɗanki ne daga Aboabo a Kumasi, ina taya kawuna harkar hatsi, muna sauke dawa daga Tamale da Techiman. Wani mai ƙaramar masana'antar giya yana son buhu 20 duk wata, yace jar dawa yake so mai fitowa in an jiƙa. Kawu ya bar min shawara. Ai dawa halal ce ko?

Wa'alaikassalam ɗana. Dawa halal ce, kuma wanda ya zo rumfa ya auna ya biya ba a ce ka tsare shi da tambayar me zai dafa ba. Amma wannan ya faɗa maka da bakinsa, har ya gaya maka mai tsiro yake nema. Malamai sun daɗe da yin magana kan saida inabi ga wanda ka san giya zai matsa, mafi yawansu, har da na Malikiyya da muke bi a zango, sun hana. Nasan buhu 20 duk wata ba wasa ba ne a wannan tsadar, shi ya sa ba zan ce maka abin mai sauƙi ba ne.

Roƙona ɗaya, ka ƙi cikin mutunci. Maƙwabtanmu Farafara da Dagarti da ke dafa pito, mata da yawa da tukunyar nan suka yi wa 'ya'yansu makaranta, addininsu daban al'adarsu daban, tare muke jana'iza tare muke shiga motar haya ta tirotiro, ba ruwanka da zagi ko ɗaga hanci. Ka ce masa kawai ba za ka iya ba, ka gode.

Sannan ka zagaya Asawase da Sabon Zango da asuba ka ƙirga mata nawa ke dama koko, ka yi magana da masu tuwo da masu niƙa garin kunun yara da masu kiwon kaji. Ka ce za ka riƙa kai musu har ƙofa, a sheƙe a tsince ba tsakuwa, su biya ƙarshen sati. Ka fara da mutum biyar ka rubuto min bayan wata biyu.