Gwaggo, ga amsar tambayarki kan gahawarmu

Gwaggo, ranar kamu a Tudun Wada kin same ni a bayan ɗaki ina soya 'ya'yan gahawa a kan garwashi, kika ce, "Wai ku 'yan Sudan har yanzu Hausawa ne kuwa? Wannan abu mai ɗaci ina daɗinsa?" Akwai surukai a wurin, shi ya sa na yi shiru. Amma maganar ta kwana a raina.

Mu ba ɓata muka yi ba. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a gabas, har suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogi kusa da Sinnar a ƙasar Sudan. Kakan mahaifina daga baya ya biyo, a ƙasa, da niyyar aikin hajji. Guzuri ya ƙare, ya tsaya noman auduga a yankin Jazira na Sudan, aure ya riƙe shi. Da Hausa aka yi mini faɗa ina yarinya, da ita nake mafarki, ko da kina dariya in na ce "yalla" irin ta Larabawa.

Gahawar nan, jabana muke ce mata. Ba a shanta a tsaye. Kakata takan daka ta da citta, ta zuba a 'yar tukunyar yumɓu mai dogon wuya, ta sa turaren wuta, maƙwabta su shigo ba da gayyata ba. Kofin bai fi kurɓi uku ba, amma zaman sai ya kai la'asar. A nan ake sulhu, a nan ake jajanta wa mai takaba. In na ji ƙamshin, muryarta nake ji, to yaya za a yi ya yi mini ɗaci? Ke ma ai kuka da daddawa ba kowane baƙo ke iya haɗiye su ba.

Da azumi kuwa, maza ba sa buɗe-baki a cikin gida. Tabarmi ake shimfiɗawa a bakin titi, kowane gida ya fito da tire, a tare matafiya har sai sun sauko. Mahaifina in bai samu baƙo ba, abincin ba ya masa daɗi ranar, don shi a wajensa ladan yana cikin ɗanɗanon.

Batun auren Larabawa da kika taɓo, e, ana yi. Ƙanwata Balarabe take aure, yana salla, yana riƙe ta da mutunci, 'ya'yanta na durƙusawa su gaida manya da Hausa. Ba a rasa masu yi mana kallon baƙi a can, su ce Fallata, wato 'yan asalin Afirka ta Yamma, alhali agashen da suke layi a kansa da yamma tsirenmu ne. Wannan mun saba. Wanda ya fi ciwo shi ne na zo gida Kaduna a ce mini baƙuwa, bayan amaren garin nan kuɗi masu yawa suke biya a yi musu dilka da humra irin tamu.

Ranar Juma'a bayan la'asar zan zo da tukunyar, Gwaggo. Zan ƙara miki sukari, amma ki ba ni awa biyu.