Ruwa ya janye, amma kada ka fasa buhun siminti tukuna

Tambayar da ka aiko ita ce: "Maigida, an kira ni aiki a wani gida a yankin Ringim. Ruwa ya kwana tara a ciki, ya kai gwiwa, yanzu ya janye. Ɗakuna biyu na ƙasa ne da rufin azara, biyu na bulo da kwano. Mai gidan yana da mata biyu da yara, suna fake a makarantar firamare, yana so in yi filasta da fenti cikin mako guda su dawo. Har ya sayi siminti buhu 10. Ta ina zan fara?"

Ɗana, ka fara da ɗora buhunan nan a kan katako a wuri busasshe, ka rufe su da leda. Lokacinsu bai yi ba. Na san halin da mutumin yake ciki, babu magidancin da zai so iyalinsa su ƙara kwana ɗaya a ajin makaranta babu sutura. Amma idan ka biye masa ka lulluɓe jiƙaƙƙen bango da siminti, ka ɓoye masa ciwon ne kawai, kuma a ƙarƙashin bangon nan 'ya'yansa za su kwanta.

Ambaliya iri biyu ce a wurin magini. Akwai ruwan gudu, irin wanda ya afka wa Mokwa a watan Mayun 2025, wanda yake ƙwaƙule ƙasar da ke ƙarƙashin harsashi ya tafi da ita. Akwai kuma ruwan kwance, kuma shi ne naku na kwarin Kogin Haɗeja, daga Ringim zuwa Auyo har Guri, inda ƙasa take shimfiɗe kuma ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. Wannan ba ya ture bango, jiƙa gindinsa yake yi har ya koma kamar tuwo, alhali sama tana nan da nauyinta. Shi ya sa ɗakunan ƙasa da yawa ba sa faɗuwa ranar da ruwa ya shigo, sai bayan ya janye mutane sun koma ciki.

Kafin ka shiga ko'ina, a kashe wuta daga babban makunni, ko da an ce babu wuta a unguwar. Ka sa takalmin roba, ka riƙe sanda, domin macizai da kunamu suna fakewa cikin tarkace da bayan kaya. Sannan ka zagaya gidan daga waje, idonka a gindin bango.

Ka ɗauki guntun rodi ka soka a gindin bangon ƙasa, taki ɗaya daga ƙasa, ciki da waje, kowane kamu biyu. Inda rodin ya tsaya a kauri yatsa ɗaya ko biyu, yaɓe ne kawai ya lalace. Inda ya nutse da hannu ɗaya har ya cinye sulusin kaurin bangon, wannan bango ba ya ɗauke da rufinsa yadda ya kamata, kada kowa ya kwana a ɗakin. Ka duba sama inda kawunan azara suke zaune. Idan ƙasar wurin ta tsage, ko rufin ya yi ciki a tsakiya, ka kafa tokara nan take: itace mai ƙwari a tsaye, faffaɗan katako a ƙarƙashinsa don kada ya nutse cikin daɓen da ya yi laushi, wani katakon kuma a kwance a sama ya tallafi azara uku ko huɗu lokaci guda. Rufin azara da ƙasarsa yana da nauyi ko a bushe, balle ya sha ruwan damina. Ba a taɓa gindin bango sai an ɗauke masa wannan nauyin.

A ɗakunan bulo, igiya da dutse za su gaya maka gaskiya. Ka sako igiyar daga saman bango. Idan bangon inci 9 mai tsayin ɗaki ya kauce fiye da yatsu biyu, rushewa za a yi a sake. Tsaga kuma kowace da maganarta. Siririya kamar gashi a jikin filasta ba komai ba ce. Wadda take hawa kamar matakala tana bin layin bulo, musamman daga kusurwar ƙofa ko taga, tana nufin harsashi ya zauna a gefe guda. Ka ɗan manna kwaɓin siminti kamar girman kwabo a kan tsagar wuri biyu ko uku, ka rubuta kwanan wata kusa da shi da gawayi, ka bar shi mako biyu. Idan mannen ya fashe, ginin yana motsi har yanzu, cike tsagar asarar siminti ce. Idan bai fashe ba, ka buɗe tsagar da kurfi, ka wanke, ka cike. Kada ka manta cewa bulo rami ne da shi a ciki, kuma ramin yana riƙe ruwa kamar tulu. Ka huda layin ƙasa, rami ɗaya a kowane bulo na biyu, za ka ga ruwa yana tsiyayowa daga bangon da kowa ya ɗauka ya bushe. Sannan ka bi daɓen siminti kana bugawa da rodi. Inda ya yi ƙarar ganga, cikon da ke ƙasa ya zauna ya bar rami, sai a fasa wurin a sake ciko.

Bayan wannan sai kwashe laka, kuma a yi shi tun tana da ɗanshi, domin in ta bushe sai da diga. Lakar ambaliya ba ƙasar gini ba ce, kuma ta gauraya da abin da ya fito daga masai, saboda haka a fitar da ita nesa da gida. A wanke daɓen siminti da bangon bulo da ruwa da sabulu, sannan a bi da ruwan bilic, kofi ɗaya a lita 20 na ruwa, ƙofa da taga a buɗe. Kada a haɗa bilic da wani maganin wanke banɗaki, hayaƙin da suke fitarwa yana sarƙe numfashi. Bangon ƙasa kuwa ba a wanke shi, kankare shi ake yi.

Ka sassaƙe duk filastar da ta kumbura ko take ƙarar ganga, har taki biyu sama da layin da ruwa ya bari, domin danshi yana hawa ya wuce inda ido ya gani. Kafin ka kankare, ka kafa ƙusa a daidai layin nan a jikin ginshiƙi ko bishiyar tsakar gida, zai yi maka amfani nan gaba. Sai a bar bango tsirara ya sha iska. Na bulo yakan ɗauki makonni uku zuwa huɗu, na ƙasa mai kauri yana iya kai wata biyu, kuma sa'arku ita ce iskar hunturu tana tafe a Nuwamba. Kada a hura wuta a ɗaki don gaggawa, fatar bangon ce za ta bushe ta tsattsage, cikinsa yana nan jiƙe. Gwajin bushewa ba shi da wuya: ka manna leda mai faɗin tafin hannu biyu a bango da yamma, ka like gefunanta duka. Da safe idan ka ga raɓa a cikinta ko wurin ya yi duhu, a ƙara haƙuri. Farin garin da zai riƙa fitowa kamar kanwa, a goge shi da busasshen burushi a share. In aka sa masa ruwa, komawa ciki yake yi ya sake fitowa.

To ina iyali za su zauna duk tsawon wannan lokaci? Ba sai an gama komai za su dawo ba. Ka zaɓi ɗakin bulo mafi lafiya ka fara da shi, a kewaye inda katanga ta faɗi da zana don mata su samu sutura, a yi rumfar girki nesa da kowane bangon ƙasa. Tunda gidan mata biyu ne, ka faɗa wa mai gidan a fili, yadda zai iya maimaitawa a cikin gida, cewa lafiyar bango ce ta zaɓi ɗakin da aka fara gyarawa, ba fifiko ba. Ƙaramar magana ce amma tana hana babbar fitina. A hana yara wasa ko kwanciya a inuwar katangar da ta jiƙe. Jarirai da tsofaffi da masu asma kada su kwana a ɗakin da yake warin fumfuna. Katifar soso da ta sha ruwan masai kwana tara ba ta wankuwa har ciki. Gado da kabad na matsattsen garin katako in sun kumbura sun tafi ke nan, amma na katakon gaske a wanke a shanya a inuwa, rana tana murɗe su. Hatsin da ya jiƙe ya yi fumfuna ba na ci ba ne, ko ga dabbobi.

Masai da rijiya sun riga fenti. Bayan fashewar madatsar Alau a Satumban 2024, ruwa na janyewa daga Maiduguri kwalara ta biyo baya, kuma hanyarta ke nan kullum. Ka duba bakin masai, idan ƙasar gefensa ta zaizaye ko murfin ya karkata, a rufe shi kada wani ya taka. Kada a yashe masai ko sokawe ƙaf alhali ƙasar kewaye tana cike da ruwa, ramin zai rufta ciki. In sabo za a haƙa, ya yi nisan mita 30 daga rijiya, kuma a gangaren da ba ya komawa gare ta. Rijiyar kuma a kwashe ruwanta da lakarta, a ɗaga bakinta ya wuce ƙusar nan da ka kafa, a yi mata daɓen siminti a kewaye da murfi, a nemi ma'aikatan lafiya su sa mata sinadarin kulorin. Kafin nan duk ruwan sha a tafasa shi.

Idan bango ya bushe, ga yadda ake gyaran gindin na ƙasa. Tokara tana nan a tsaye. Ka raba bangon gaɓa gaɓa, kowace kamu biyu. Ka yi ta ɗaya, ka tsallake biyu, ka yi ta huɗu. Ka cire ruɓaɓɓiyar ƙasar har ka tarar da mai ƙarfi, amma kada ka wuce sulusin kauri a zama ɗaya. Ka cike da dutse ko jan bulo, ka cusa kwaɓi sosai a saman don sabon ya ɗauki nauyin tsohon. Bayan kwana uku ko huɗu ka dawo kan gaɓoɓin da ka tsallake, in an gama waje a koma ciki. Wanda ya sassaƙe gindin bango daga kusurwa zuwa kusurwa a rana ɗaya, shi ya kayar da shi da hannunsa. Ƙasar saman bangon da ya faɗi ana iya sake kwaɓa ta, ta gindin da ta sha kanwa da ƙazanta a zubar.

Bangon ƙasa yaɓen ƙasa yake so: jar ƙasa da yankakkiyar ciyawa ko ƙaiƙayi, a kwaɓa a bar shi ya kwana uku zuwa biyar ana juyawa, a shafa kauri yatsa ɗaya, ya bushe, a ƙara. A waje a bi da makuba, wato shafen da ake yi da ɓawon ɗorawa, in ana samunta. Siminti a kan ƙasa ba ya kamawa da gaske, yana tsare danshi a baya, gara ta samu hanya, wata rana ya ɓallo falle guda da rabin bangon a jikinsa. Abin da zai kare gindin daga waje shi ne dakali mai gangara, da cikon ƙasa da ya karkata daga bango zuwa waje, kamar yatsu uku a kowace mita. Indararo ya yi tsawon da zai zubar da ruwa nesa da gindi, a jera duwatsu inda yake sauka.

A nan ne buhunan nan za su yi aiki, a ɗakunan bulo da bakin rijiya da masai. Ka fara matsa simintin da yatsa, dunƙulen da bai murƙushe ba ya riga ya mutu. Yashin da ambaliya ta tara kuma ka gwada shi: sulusin kwalba yashi, ka cika da ruwa, ka girgiza, ka ajiye awa uku. Idan lakar da ta kwanta a sama ta kai kashi ɗaya cikin goma na tsayin yashin, a nemo wani. Filastar ƙasan bango buhu 1 ga kwano 8 na yashi (kwanon ɗibar kwaɓi na magina), ta sama buhu 1 ga kwano 12. Ka jiƙa bulon kaɗan kafin ka shafa, sannan a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma kwana bakwai, don iskar hunturu tana shanye ruwan filasta kafin ta yi ƙarfi. Daɓen da aka fasa a cike shi inci 6 inci 6 ana dannawa, a shimfiɗa leda mai kauri, a zuba kankare buhu 1 ga yashi kwano 6 da tsakuwa kwano 12. In aljihu ya yarda, a ɗaga daɓen da dokin ƙofa su wuce ƙusar da ƙafa ɗaya. In bai yarda ba, ko dokin ƙofa kaɗai a ɗaga, a kuma gina wani kantar bulo a ɗaki inda za a riƙa ɗora hatsi da takardu.

Mai gyaran wuta ya buɗe kowace soket ya fitar da laka da ruwan da ya kwanta cikin bututun waya, ya ɗaga su zuwa tsayin ƙirji kafin ka rufe da filasta. Fenti kuwa bana farar ƙasa ta isa, tana barin bango ya yi numfashi. Fenti mai maiƙo da tayil a ƙasan bango suna kora danshin sama ne, bayan wata uku ka gan shi ya ɓullo a kan layin tayil ɗin. Sannan ka leƙa rariyar gidan, sau da yawa ta nan ruwa ya fara shigowa daga kwata. Ka yi mata 'yar ƙofa da za a iya toshewa da bulo da buhun yashi idan kwatar waje ta cika, ka nuna wa matan gidan yadda ake yi, domin su ne suke gida sa'ad da ruwa yake tasowa.